Na ga bokitin Ojukwu da idona a Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia

Shekara tara ina zuwa Aba sarin takalma, ban taɓa ratsewa Umuahia ba sai wannan karon, da mai ɗinka mini kaya ya ce sai jibi. Na shiga motar haya, tafiyar kamar awa ɗaya da 'yan kai, daga tasha kuma mai keke ya kai ni Ebite Amafor inda Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yake. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya kai ni Baffana ne, Allah ya jiƙansa. Yana cikin Runduna ta 2 wadda Murtala Muhammad ya jagoranta, kuma har ya koma ga Allah in aka ambaci Abagana sai ya yi shiru. Mu a gida “yaƙin Ojukwu” muke cewa, labarinsa kuma daga bakin 'yan mazan jiyanmu kaɗai muka ji shi. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina su waye suke ɗaya ɓangaren ba, da me ma suka yi wata talatin suna faɗa.

An kafa gidan a 1985, a wurin da tashar rediyon Muryar Biyafara take watsa shirye-shiryenta a lokacin yaƙin daga ƙarƙashin ƙasa. Ana sauka ta matattakala a ga ɗakunan. Akwai sashen makaman gargajiya, su kwari da baka da mashi da bindigar toka, akwai na kakin soja. Waɗannan na wuce su da sauri, don filin waje ne ya ja ni.

A nan jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny yake zaune a kan tudu, ga jiragen sama ƙirar Rasha da gwamnatin Gowon ta yi aiki da su. Kusa da su sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi, ka ce na koyon tuƙi ne, kuma asalinsa ke nan. Irinsa biyar wani baturen Suwidin, von Rosen, ya kawo wa Biyafara a Mayun 1969, aka ɗaura musu rokoki suka riƙa kai hari filayen jirgi irin na Fatakwal da Benin. Sai motoci masu sulke da ake kira Red Devil, waɗanda aka lulluɓe da farantan ƙarfe, ga tabon walda ɓaro-ɓaro. Na girma kusa da maƙera, na san aikin hannu in na gan shi. Mutanen Biyafara da aka toshe wa teku da kan iyaka ne suka haɗa injiniyoyi da malaman jami'a a wani sashe na bincike da ƙere-ƙere, har fetur suke tacewa da kansu.

Jagoran da ya zaga da mu ya tsaya gaban wani ƙarfe mai kama da bokiti ya ce wannan ne Ogbunigwe, wato bokitin Ojukwu. Nakiya ce da ake cusa wa ƙusoshi da guntayen ƙarfe. Da irin waɗannan makamai aka yi wa ayarin Runduna ta 2 kwanton ɓauna a Abagana ranar 31 ga Maris 1968, wuta ta kama tankar mai, motoci kusan ɗari suka ƙone. Na daɗe a tsaye a wurin. Ban yi zaton abin zai taɓa ni haka ba.

Na yaba wa jagoran nan. Bai yi mini kallon bare ba da ya ji ni Bakano ne, bai kuma ƙawata labarin ba. Ya bi shi tiryan-tiryan: shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, harbin farko a Gakem ranar 6 ga Yuli, kutsawar kwamandan sojan Biyafara Victor Banjo har Ore a watan Agusta da komawarsa baya, da yadda nasu suka harbe shi kan zargin cin amana. Inugu ta faɗi a Oktoba aka dawo da hedikwata Umuahia, ita ma ta faɗi a Afrilun 1969, a watan da sojan Biyafara ƙarƙashin Alexander Madiebo suka sake ƙwace Owerri. Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa, mataimakinsa Philip Effiong ya miƙa wuya, aka kammala a barikin Dodan ranar 15 ga Janairu 1970. Hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki suna ciki, ban iya kallonsu duka ba. Ni da kaina na tuna kashe-kashen 1966 a garuruwanmu da kisan fararen hula da sojan gwamnati suka yi a Asaba, abubuwan da ba mu cika son a tayar ba, alhali sun faru.

Duk ɗan Arewan da harka ta kai shi Aba ko Owerri, ya ware rabin yini. A je da safe, don filin rana ce tsagwaronta, a riƙe ruwa, a nemi jagora. Bayanan da Turanci suke, wanda ba ya ji ya tafi da mai fassara. Ramin Ojukwu, wato maɓoyarsa ta ƙarƙashin ƙasa, yana cikin gari, daban yake da nan. Ni la'asar ta cim mini, sai zuwa na gaba in Allah ya yarda, kuma da babban ɗana zan zo.