Ungozomar da ta daka mini tsawa ce ta tsaya a kaina har asuba

Jiya na yi arba'in, kuma tun ranar suna mata ke tambayata yadda na ga asibitin da na haihu. Na gwamnati ne a nan Kumasi, sunansa kuwa zan bar shi a cikina.

Naƙuda ta kama ni bayan isha'i. Kafin maigida ya samo pragya, wato keke mai ƙafa uku, a bakin titin Aboabo, faya ta fashe. Muka isa wajen ƙarfe 10, ni da Mma da jakar kayan da aka rubuta mana tun ina wata bakwai, su Dettol da ledar shimfiɗa da audugar mata. Mu bakwai ne a ɗakin naƙuda, ungozoma ɗaya tal, sai wata ɗaliba. Da na kira ta karo na uku, ta juyo ta daka mini tsawa da Tonanci, yaren Asante: "Amariya, ke kaɗai ke haihuwa a nan?" Wallahi raina ya ɓaci. Haihuwata ta uku ke nan, ban taɓa kiran nas a banza ba. Na ce a zuciyata, in Allah Ya sauke ni lafiya, ni da wannan wuri har abada.

Yaro ya faɗo ƙarfe 2 da kwata, da kukansa. Ina cikin hamdala sai na ji ɗumi na bin bayana, kunnena ya fara ƙara, fitilar ɗakin tana nisa da ni. Ɗalibar na can tana goge jariri. Ita ungozomar tana kan wata a gado na gaba, ta waiwayo, ta ga ledar da ke ƙarƙashina, ta saki abin da ke hannunta. Ta danna marata tana murzawa da ƙarfin da ya fi naƙudar ciwo, ta yi mini allura a cinya, ta sa mini ruwa a hannu biyu, ta maƙale wayarta a kafaɗa tana kiran likita. Bakinta bai yi shiru ba, yanzu da 'yar Hausarta ta Zango: "Kar ki yi barci. Faɗa mini sunan 'ya'yanki." Na faɗa, ta ce in sake. Daga baya likita ya ce mahaifa ce ta ƙi tsukewa, kuma zubar jini bayan haihuwa na gaba-gaba cikin abin da ke kashe mata. Jini leda biyu aka ƙara mini. Da safe maigida ya kwaso ƙannensa biyu suka ba da nasu a madadi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne asuba. Na buɗe ido na gan ta a kan benci, ta tuɓe takalmi, ƙafafunta sun kumbura har ba a ganin idon sawu. Ga koko a leda kusa da ita, ya huce, ko kwance shi ba ta yi ba. Mma ta ce, "'Yata, ba ki ci komai ba?" Ashe tun 8 na safiyar jiya take tsaye. Wadda za ta karɓe ta ɗanta ba lafiya, abokan aikinsu biyu sun tafi Ingila, ba a kawo kowa ba. Mma ta zuba mata shayi daga filas ɗinmu ta yi mata addu'a. Kurɓa biyu ta yi, wata ta ƙwala ihu, ta miƙe ba takalmi.

Lokacin yajin aikin nas-nas na watan Yunin 2025 ina cikin masu cewa ba su da imani. Na janye wannan magana. Mutumin da ya yi awa 20 a tsaye da yunwa, rayuka 14 a wuyansa in an haɗa da na ciki, ba za a rasa tsawa a bakinsa ba.

Amma fa ba komai ne gajiya ba. Akwai wata mai aikin safe da ta zo da kwalliyarta, ta zauna tana latsa waya, ruwan hannuna ya ƙare jini ya biyo roba, sai da Mma ta je har sau biyu. Bayi ba ruwa, mai jego da ɗinki tana jiran bokiti. Tun 2008, zamanin Shugaba Kufuor, aka ce haihuwa kyauta ce da katin inshorar lafiya na NHIS, ga katina da rai, amma sau uku ana miƙo takarda a ce babu, a je kemis.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na yaron. Kwana uku muka yi aka sallame mu, babu wanda ya buɗe idonsa ya duba. Washegari Mma ta fito da shi tsakar gida don wanka, ta ce, "Idon yaron nan ya yi ɗorawa." Shawara ce. Muka koma da gudu, aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, su biyu a gado ɗaya, an rufe musu ido. Ni da aka ƙara wa jini, kwana uku na yi a kujerar roba ina tatsar nono. Likitan yara ya ce da mun ƙara jinkiri tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Wannan har yau ban yafe ba. Duk wadda za ta je, ta tafi da babbar mace mai ido, kuma kar ta yarda a sallame ta sai an duba jaririn a hasken rana.

Jibi zan kai shi allurar sati 6. Na saya wa ungozomar nan turmin atamfa a kasuwar Kejetia, maigida ya ƙara da kwalin madara. Ban ma san sunanta ba, amma na bincika an ce wannan makon ma dare take yi, don haka zan jira har ta fito.