Orbitron: ya yi kyau a allon shago, amma babu ƙugiya

Wata uku ke nan ina aiki da salon haruffan nan mai suna Orbitron. Na fara da shi ne a kan allon wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, wanda ya ce min yana son rubutun da tun daga nesa za a san shagon kayan fasaha ne. Kyauta na sauko da shi daga Google Fonts, shafin intanet na salon haruffa, kuma lasisinsa ya yarda a yi aikin kuɗi da shi.

Matt McInerney ne ya zana shi, don masu zane su samu abin da za su ɗauka a madadin salon haruffan Eurostile, wanda Aldo Novarese ya fitar a Italiya tun 1962. Ana ganin dangantakar a jikin haruffan. Harafin O ba da'ira ba ne, kusurwa huɗu ne da aka goge masa kaifi, kamar fuskar tsohuwar talabijin. Kaurin layukan kusan ɗaya ne ko'ina, haruffan kuma suna da faɗi, sun zauna daram. Abin da ya fi burge ni shi ne sifili: an ratsa cikinsa da layi, ba ya rikicewa da O. Wanda ya taɓa sa lambar waya a allo ya san amfanin wannan.

Da na yi sunan shagon da mafi kaurinsa, fari a kan shuɗi mai duhu, na ɗan buɗe tazarar haruffan, wallahi ni kaina sai da na tsaya ina kallo. Amma faɗin nan yana cin wuri. Kalma uku ko huɗu ya ishe shi. Na gwada shi a jerin farashi da ƙananan haruffa, ido ya gaji tun kafin layi na biyar.

Inda ya ba ni wahala shi ne Hausa. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. Ina rubuta "Ƙwararrun masu gyaran waya" sai kwamfuta ta aro Ƙ daga wani salon, ya tsaya a tsakiyarsu kamar baƙo a gidan biki. Mai shagon ya ce, "Malam, a sa K kawai mana." Ban yarda ba. Baƙi daban, baki daban, kuma allo shekaru yake yi a kan titi yara suna karantawa. Sai na mayar da K ɗin zane a manhajar zane ta CorelDRAW, na yanko lanƙwasar da ke saman harafin f na ɗora masa, na daidaita kaurin. Ya ci min kusan rabin awa, amma ya fito kamar da shi aka haife su.

Yanzu na ajiye haruffan ƙugiyar da na haɗa a fayil guda. Take da lambobi na Orbitron ne, sauran bayani kuwa wani salon mai suna Noto Sans nake ba wa, don shi yana da ƙugiyoyinmu duka.