E10 ko fetur zalla: wanne ya dace da injin kwale-kwale?

Ɗan'uwanmu da ke jihar Minesota a Amurka ya sayi kwale-kwale mai inji na hannu, yana tambaya: ya riƙa shan E10 na gidan mai, ko ya nemi fetur zalla duk da tsadarsa?

Malam, abin ya danganta da tsawon zaman da man zai yi a tanki. E10 fetur ne mai kashi 10 cikin 100 na itanol, wanda a Amurka daga masara ake tatsarsa. Jiharku ma tun 1997 ta wajabta gauraya itanol a man motoci. Ya fi araha, ko'ina akwai, kuma kamfanonin injin kwale-kwale Yamaha da Mercury sun amince da shi a injunansu na zamani. Mai fita ruwa kowane mako yana ƙone mansa ba zai ga wata illa ba, sai ɗan ƙarin shan mai, wajen kashi 3 cikin 100.

Matsalar tana ga ajiya. Itanol na zuƙar danshi, tankin kwale-kwale kuwa yana da hancin shan iska, ga shi kullum a kan ruwa. Da ruwan ya kai kamar rabin kashi ɗaya cikin 100, sai itanol ya rabu da fetur, ya haɗe da ruwan su kwanta a gindin tanki, daidai inda bakin tiyo ke zuƙa. Inji ya sha wannan, ya mutu a tsakiyar tafki, inda babu gefen titi balle bakanike. Man da ya rage a sama ma ya yi rauni, kuma in sun rabu babu maganin da zai sake haɗa su, sai a zuƙe tankin kaf. Tunda na hannu ka saya, duba shekarunsa: itanol na cin tsohon tiyon roba da tsofaffin tankunan faibagilas, yana kuma kankaro dattin da ya daɗe ya tura shi kafireta.

Fetur zalla duk ba shi da wannan. Aibinsa kuɗi, da kuma neman inda ake sayarwa. Ni dai da shi zan cika tanki kafin ƙanƙara ta rufe tafkuna a jingine kwale-kwale wata da watanni.

Ka kiyayi famfon da aka rubuta wa Unleaded 88. E15 ne, wato itanol ɗinsa kan kai kashi 15 cikin 100, an halatta shi ga motocin 2001 zuwa sama, amma doka ta hana zuba shi a jirgin ruwa, kuma yana ɓata garanti.

Su kansu Amurkawa ba su daina jayayya kan itanol ba. Dokar tarayya ta 2005 da aka faɗaɗa a 2007 ce ta tilasta gauraya shi, yanzu fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar ƙasar can take tafiya, ko da yake dusar tana komawa ga dabbobi. Takin zamanin gonakin kuwa kogin Misisifi ke kwasarsa zuwa Tekun Meziko, inda duk shekara wani yanki ke rasa iskar da kifi ke shaƙa. Manoman masara na jihar Ayowa dai ba za su yarda a taɓa dokar ba.