Na bi kwas ɗin lissafin zaɓin masu saye: ya biya, amma sai da na gyara masa zama

Duk ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ta Damagaram yana da tambayar nan a ransa: in na ƙara dala goma a kan kaya, mutum nawa za su koma wajen maƙwabcina? Kwas ɗin da na bi ta intanet wannan tambayar yake koya wa mutum amsawa da alƙaluma. Fannin ya shafi yanayin da mutum zai ɗauki abu ɗaya ya bar saura, kamar uwargida da za ta girka tuwo da itace, ko gawayi, ko gaz. Kowane zaɓi ana ba shi maki bisa farashinsa, da lokacin da yake ci, da halin mai zaɓen, a kuma bar gurbi ga abin da mai bincike bai gani ba. Daga nan ake fitar da yiwuwar kowane zaɓi, a tara na mutane da yawa, sai buƙatar kasuwa ta fito.

Yayana ne ya sa na shiga. Yana sayar da tukwanen gaz a Sabon Gari, kuma abin yana damunsa: matatar mai ta SORAZ, wadda ke fitar da gaz ɗin girki, tana nan kusa da mu tun 2011, amma hayaƙin itace bai bar gidaje ba.

Darussan farko sun burge ni ƙwarai. An kawo labarin Daniel McFadden, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000 saboda wannan aiki. Shi ne ya yi hasashen cewa kashi 6.3 cikin ɗari na masu zuwa aiki za su hau sabon jirgin ƙasa na BART a yankin San Faransisko na Amurka, lokacin da hukuma ke cewa kashi 15. Da aka ƙirga, 6.2 aka samu. Manhajar da na yi aiki da ita, Biogeme ta Michel Bierlaire na Lozan a Suwizalan, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutata ta ɗauke ta ba gardama.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne na raunin tsarin lojit mai sauƙi, wato lissafin farko da ke mayar da makin kowane zaɓi zuwa yiwuwarsa. A ce unguwa tana da mai itace ɗaya da mai gaz ɗaya, sun raba masu saye biyu. Sai wani mai gaz ya buɗe shago a gefe. Lissafin zai ce kowa ya koma kashi ɗaya cikin uku, wai mai itace ma ya yi asara daidai da ta mai gaz na farko. Ko yaron shago ya san ba haka ba ne, ai sabon mai gaz abokan cinikin ɗan'uwansa zai fara ci. Maganinsa lojit mai rassa, inda ake haɗa zaɓuɓɓuka masu kama da juna a reshe ɗaya. Malamin ya warware wannan sannu a hankali, har na iya maimaita wa yayana shi da baki ya gane.

Inda kwas ɗin ya bar ni ni kaɗai shi ne wajen tara bayanai. Misalansa kusan duka jiragen ƙasa ne da motocin Turai, ga alƙaluma a shirye tsaf. A nan kuwa ƙafa za ka sa ka bi gida-gida. Na tambayi wata dattijuwa a Birni ko za ta koma gaz in an rage kuɗinsa, ta ce, "To ɗana, me zai hana, in Allah ya hore?" Na rubuta e. Da hira ta yi nisa, ashe tsoron tukunyar take yi saboda jikoki, ba ta ma yarda a shigo da ita gidan ba. Kara ce ta sa ta amsa, don ba a kunyata baƙo. Dole na bar tambayar "za ki saya?" na koma "da me aka yi girkin jiya?"

Akwai kuma gidan da ba shi da kuɗin sayen tukunya da murhu a karon farko. Wannan gida gaz ba ya cikin zaɓinsa sam, kuma manhajar tana da gurbin nuna haka. Da na cike gurbin daidai, sai sakamakon ya nuna kuɗin sayen tukunya da murhu na farko ya fi farashin ɗurin gaz hana mutane. Yanzu yayana yana tunanin bayar da tukunya a biya kaɗan-kaɗan, ko ta hanyar adashin mata.

Wanda zai shiga ya zo da ilimin ƙididdiga da ɗan sanin Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma ya san da Ingilishi ake koyarwa, abin da zai wahalar da mu da muka yi lakkwal da Faransanci. Bidiyoyin suna cin kuɗin intanet, gara a sauke su da dare lokacin da rezo ya fi kyau. Ɗaliban tattalin arziki na Jami'ar André Salifou da masu yi wa ƙungiyoyi binciken gida-gida su na fi so su gwada shi.