Sama da shekara uku ina sayen hannun jari ta manhajar waya, ga yadda na same ta

Tun watan Disamba 2021 na fara, lokacin da MTN suka sayar wa jama'a hannun jari a kan naira 169 duk ɗaya, daga nan na buɗe asusu da wata manhajar dillalan hannun jari mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar hannun jari a Najeriya, kuma ita nake amfani da ita har yau.

Buɗewa ba wahala gaskiya, BVN ne da NIN da hoto, bayan 'yan kwanaki aka turo min lambar CSCS ɗina, wato wurin da ake adana bayanan hannun jarin kowa. Wannan lambar ita ta fi kwantar min da hankali, don ko manhajar ta rufe gobe hannun jarina yana rubuce da sunana a can, ba kamar CBEX ba, manhajar zuba kuɗin nan da ta rushe a Afrilun 2025 mutane suka wayi gari ba kuɗi ba wanda za su kama. Kuɗin dillali kuma ana nuna maka kafin ka danna saye, ba a ɓoye komai.

Toh amma ga inda ta ba ni haushi. Kullum da rana sai ta turo sanarwa wai ga kamfanonin da suka fi tashi yau, kore shar, kuma a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, hannun jari yana iya tashi kashi 10 a rana ɗaya, mutum yana gani zuciyarsa ta fara rawa ya sayar da abin kirki da ke hannunsa ya bi wanda bai ma san me suke sayarwa ba. Duk shiga da fita akwai caji, su dillalan riba suke ci ko ka samu ko ka faɗi. Ni dai na kashe sanarwar gaba ɗaya.

Haƙuri kam na koye shi a hannun jarin farkon nan nawa na MTN. Bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a Yunin 2023 kamfanoni masu bashin dala suka shiga asara, har da MTN, shekarar 2024 gaba ɗayanta ba a raba mana ko kobo ba, farashi ya sauko ƙasa da 200, abokina da muka saya tare ya sayar ya ce ya gaji. Ni na zauna na tambayi kaina, mutane sun daina sayen data ne? A'a, ƙara saye ma suke. Na bar shi. A 2025 ya haura 400. Ba wayo na fi abokina ba, kuɗin da ya saka na hayar gida ne, nawa kuwa rarar da ba na bukata da wuri ce, shi yasa na iya jira shi bai iya ba.

Babban abin da na rasa a manhajar shi ne tace halal da haram. Kamfanin giya da bankin ruwa da na siminti duk jere suke a layi ɗaya ba wata alama, wanda bai sani ba sai ya afka. Ni da kaina nake duba jerin NGX Lotus Islamic Index, wato kamfanonin da aka tace bisa shari'a, sannan in buɗe rahoton shekara na kamfani in ga yawan bashin ruwa da ke kansa, don ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ce kar ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga mara tsafta kuma kar ya wuce kashi 5, shi ma sai ka cire rabonka ka bayar sadaka ba da niyyar lada ba. Aiki ne wlh, yana cin min dare guda wani lokacin, ga lissafin zakka ma ni nake yi da biro da takarda.

Sai maganar amana, ƙanwata ta kawo kuɗin adashinta ta ce Yaya saka min inda ka saka, na ƙi karɓa, na buɗe mata nata asusun da sunanta, na nuna mata watannin da nawa ya yi ja kafin in nuna mata na riba.

Ribar da ake rabawa tana shigowa banki kai tsaye bayan an cire harajin kashi 10, amma sai ka cike fom ɗin da ke haɗa asusun bankinka da magatakardan kamfani mai riƙe sunayen masu hannun jari, manhajar ba ta faɗa min wannan da wuri ba, ta farko sai da na yi watanni ina bi.

Tauraro uku da rabi na ba ta cikin biyar. Sau biyu na rubuta musu kan su saka alamar halal, har yanzu ina jira.