Gyaran ƙashin baya da hannu: abin da na tarar a wani ɗakin jinya a Sabon Garin Zariya

Ciwon ƙugu ne ya kai ni wurin, bayan shekarun da na kwashe ina zaman tebur da hawan babur tsakanin Tudun Wada da Samaru. Ɗakin ƙarami ne amma tsaf yake, kuma mai shi ba ya gaggawa, domin sai da ya saurari tarihin ciwon, ya sa na sunkuya na miƙe, ya bi gadon bayana da yatsu gaɓa bayan gaɓa, kafin ya kwantar da ni a kan wani siririn gado. Sana'ar tasa ita ce kairofraktik, sunan da aka samo daga Girkanci, ma'anarsa aiki da hannu.

Da ya danna bayan, sai na ji ƙas, irin ƙarar da yatsu ke yi idan an lanƙwasa su. Ya ce ƙashi ne ya koma mazauninsa, alhali abin da masana suka bayyana shi ne iskar da ke cikin ruwan gaɓa ce ke ba da wannan sauti. Daga nan ne na fara rarrabe aikin hannunsa da aƙidar da yake ɗora aikin a kai.

Aƙidar ta samo asali ne daga Daniel David Palmer, wanda a 1895, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, ya yi iƙirarin cewa ya dawo wa wani ma'aikaci mai suna Harvey Lillard jin kunnensa ta hanyar danna masa ƙashin baya, sannan ya buɗe makaranta a 1897. A fahimtar Palmer, jiki yana da wata basira tasa ta warkar da kansa wadda ke bin jijiyoyi daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka, kuma idan ɗaya daga cikin ƙasusuwa 24 masu motsi na gadon baya ya ɗan goce, sai ya tare mata hanya, cuta ta biyo baya. Zancen yana da daɗin saurare, sai dai bincike bai tabbatar da wannan gocewa a matsayin tushen cututtuka ba, kuma su kansu 'yan sana'ar sun daɗe da rabuwa gida biyu a kanta. Abin da hujja ta fi goyon baya shi ne sauƙin ciwon ƙugu, gwargwadon wanda motsa jiki da gashin ƙashi na asibiti ke bayarwa. Saboda haka da na ji yana ambaton asma da hawan jini cikin abubuwan da hannu zai gyara, sai na tuna cewa ko mai ɗori na gari, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, a karaya da targaɗe yake tsayawa.

Bayan zama huɗu cikin mako biyu na samu sauƙi sosai, har ina yin ruku'u ba tare da cije baki ba, ko da yake atisayen da ya ba ni na yi a gida yana da nasa kason. Ban yarda ya murɗa mini wuya ba, domin akan samu, ko da ba kasafai ba, hakan ya ji wa jijiyar jini rauni har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, kuma bai matsa mini lamba ba, abin da na yaba masa.

Kuɗin zama ɗaya ya kai cefanen kwana biyu, shi ya sa ban karɓi shawararsa ta zuwa duk wata ba alhali babu ciwo. Wanda ciwonsa ya zo da mutuwar ƙafa, zazzaɓi, ko matsalar riƙe fitsari, ya fara zuwa asibitin koyarwa na Shika kafin ya bari a danna masa baya.