Daga Lids zuwa Agege: labarin laburare

Assalamu alaikum ƙanena. Ka gaishe min da Inna da duk mutanen Zango. Ka tambaye ni farashin kaya a Ingila. Tsada kam sai hamdala, doya da manja a shagon 'yan Afirka ba a kwatanta su da na kasuwar Mil 12. Amma tunda ka samu gurbi a jami'ar Legas ta Akoka, zancen laburare ne ya fi damuna.

Ginin laburarenmu a nan Lids bai burge ni ba kamar yadda suke riƙon abin da aka rubuta. Jami'o'in Lids da Shefil da Yok sun haɗa rumbu guda a intanet mai suna White Rose, inda ake zuba kundin duk wanda ya gama digirin digirgir. Kai ma daga wayarka za ka iya buɗe da yawansu kyauta. Littafin da babu a nan kuwa, fom kawai nake cikewa a aro min daga wata jami'a ko daga babban laburaren ƙasa, wanda rumbunsa na Boston Spa ke kusa da mu. Kowane fanni da ma'aikaciyar da ta san shi. Tamu ta zauna da ni awa guda cur tana nuna min yadda ake tace mujallu, ba ta karɓi ko sisi ba.

Ranar na tuna nawa kundin na digirin farko. Wata shida ina bin dattawa ina rubuta tarihin fataken goro da suka kafa Zango, Baba ya biya aka yi masa bango mai tauri. Da na koma nemansa a sashenmu, na tarar da shi cikin tulin da ɗigon ruwa ya manne. Biyu daga dattawan nan sun rasu, Allah ya jiƙansu. Har yau abin na ci min rai.

Jami'arku tun 1962 take, kuma tana da nata rumbun a intanet. Makon farko ka je ka yi rajista, ka nemi lambar shiga mujallun da makaranta ke biya, ka kuma riƙa leƙa AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, don binciken Afirka. Kada kunya ta hana ka tambayar ma'aikatan, aikinsu ke nan.

Sannan ka duba akwatin ƙarfen da ke ɗakin Inna. Kaset ɗin hirarrakin suna ciki, guda huɗu. Ka kai Kwamfuta Bilej a Ikeja a juye su kafin damina.